Yadda ake hana giyar mota ɗaukar zafi idan kana jan tirela a hanyar duwatsu

Ranar da na fara jin warin man giya da ya ƙone, wallahi ban ma ɗauka daga motata yake fitowa ba. Ina jan tirela mai taya huɗu da fikof, lodin ya kusa tan 3, muna cikin wani hawan dutse mai tsawo wanda kwana-kwana ce tun daga gindi har sama, allurar zafin inji tana zaune a tsakiya ko motsi bata yi ba, ni kuma na bar giya a D na danne totur, ina jin motar tana canja giya tana dawowa, tana canjawa tana dawowa. Sai da na leƙa madubi naga farin hayaƙi yana bin tirelar sannan na gangara gefen titi. Ashe man giya ne ya yi zafi ya kumbura ya yi kumfa, ya fito ta ɗan hancin da giyabos ke numfashi yana ɗiga kan salansa. Allah ne kawai ya tsare bata kama da wuta ba. Daga baya muka gano wanda ya canza min man ya zuba ya wuce ƙa'ida, amma ko da bai yi hakan ba, irin tuƙin da na yi ranar ya isa ya dafa man. Tun daga nan na zauna na koyi abin nan da kyau, shi ne nake so in jera maka shi yadda nake yi yanzu.

Ka fara sanin inda zafin yake fitowa

A mota mai giyar atomatik akwai wani abu tsakanin inji da giyabos da makanikai ke kira kwambata. Kamar fanka biyu ne suna kallon juna cikin tukunyar ƙarfe cike da mai, ta ɓangaren inji tana watsa man, man yana juya ta ɓangaren giya. Matuƙar juyinsu bai zo ɗaya ba, wato ɗaya tana gaba ɗaya tana biye, to bambancin nan duk zafi yake komawa cikin man. Shi yasa aka sa wani kuloci a cikinta wanda idan mota ta daidaita a gudu yake kulle ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Idan ta kulle zafi kaɗan ne, idan ta saki kuma ga nauyi ga hawa, nan ne man ke dahuwa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, manufarsa ɗaya ce, kwambata ta zauna a kulle gwargwadon yadda zai yiwu, kuma zafin da ya riga ya shiga man ya samu hanyar fita.

Bari in maka ɗan lissafi kaga girman abin. Mota da tirela duka tan 6, hawa mai kashi 7 cikin 100, gudu kilomita 60 a awa. Ɗaga nauyin nan kaɗai, ba a ma zo batun iska da jan taya ba, yana cin kusan kilowat 69. Idan kwambata a sake take tana zubar da kashi 10 kawai, kusan kilowat 7 kenan ke shiga cikin man, kamar ka tsoma hita bakwai masu wat 1,000 cikin mai lita goma da ɗoriya ka barsu a kunne tsawon hawan. Toh kaga me yasa minti goma ya isa.

Mataki na farko: ka samu abin da zai nuna maka zafin man giya

Allurar zafin da ke gaban direba ta ruwan inji ce, ba ruwanta da giya, kuma a motoci da yawa an tsara ta ne ta zauna a tsakiya sai abu ya ɓaci sosai take motsawa. Wasu manyan fikof suna nuna zafin giya a allon gaba idan ka shiga menu, ka duba taka. Idan babu, akwai soket na OBD2 ƙarƙashin sitiyari, wanda tun 1996 ya zama dole a motocin da ake sayarwa a Amurka kuma yanzu kusan kowace mota tana da shi. Zaka sa ɗan ƙaramin sikana mai Bluetooth a wurin ka haɗa da waya ta manhaja irin Torque Pro ko OBD Fusion, ko ka sayi ScanGauge ka manna a dashbod. Wasu motocin sai ka shigar da wata lamba ta musamman kafin zafin giya ya bayyana. Tsohuwar mota da bata da sensa kuma, bakanike zai iya ɗaura maka geji daban.

Ka tambayi inda sensar take, wannan yana da muhimmanci. Man da ke kwance a tiren ƙasan giyabos ya fi sanyi a kan wanda yake fitowa daga kwambata zuwa wurin sanyaya shi, a kan hawa bambancin yana iya zama babba. Yawancin lambobin da ake magana a kai na tiren ƙasa ne.

Lambobin da nake tafiya dasu: digiri 80 zuwa 95 na Salshiyas lafiya lau ne, a ma'aunin Farenhait 175 zuwa 200 kenan, don motocin Amurka da yawa da shi suke nunawa. Daga 105 na fara gyara tuƙina. Idan ya taɓa 115 kuma yana ci gaba da hawa, ina neman wurin tsayawa. 120 zuwa sama ba wurin zama ba ne ko kaɗan, a nan sil, wato robobin da ke hana mai yoyo, ke fara taurara, man yana rasa sinadaransa, faifan kuloci na ciki suna fara cinyewa. Masu harkar mai suna da wani kiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai, kaga kenan taɓa 110 na minti biyar a ƙarshen hawa ba shi ne matsala ba, zaman awa guda a can shi ne. Sai dai sabbin giya masu canji 8 da 10, irin ZF 8HP da ke cikin Ram 1500 ko 10R80 ta Ford F-150, da gangan aka yi su suna aiki da ɗan zafi, zaka ga 90 zuwa 100 ko babu tirela, kar hankalinka ya tashi. Ka yi kwana biyu kana kallon lambar motarka ba tare da lodi ba don ka san inda take zama, daga nan zaka riƙa gane idan ta kauce.

Mataki na biyu: nauyi

Ka hau sikeli da motar da tirelar da mutanen da kayan duka, yadda zaku yi tafiyar. Kiyasin ido ƙarya yake yi, kullum ƙasa yake kawowa. Ka gwada da lambar GCWR da ke littafin motar, ita ce iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.

Lambar jan tirela da kamfanoni ke tallatawa, yawancin fikof na Amurka yanzu da ƙa'idar SAE J2807 ake fitar da ita, kuma cikin gwajin akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, kusan kilomita 18 ana hawa wajen mita 900, zafin gari aƙalla digiri 38, esi a ƙure, kuma gudun kar ya gaza kilomita 64 a awa. Gwaji ne mai kyau, amma da sabuwar mota ake yi, lagireto fes, mai sabo, tayar kamfani. Taka mai shekara goma da ƙura a lagireto ba ita ba ce. Ni bana son wuce kashi 80 na lambar idan hanyar duwatsu ce.

Ga kuma tsawo. Inji mara turbo yana rasa kusan kashi 3 na ƙarfinsa duk mita 300 da ka hau, saboda iska ta yi shara-shara. A mita 2,000 kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, a wuri irin ramin Eisenhower na babbar hanyar I-70 a Kolorado, wajen mita 3,400, kusan kashi ɗaya cikin uku. Iskar nan mara kauri kuma bata ɗauke zafi daga lagireto kamar ta ƙasa, ko da kana jin ta da sanyi a fuska. Turbo yana rufe rashin ƙarfin, amma baya gyara batun sanyayawa.

Abu biyu da mutane ke mantawa: iskar tayar tirela idan ta yi ƙasa jan yana ƙaruwa, haka birkin tirela idan yana kamawa. Bayan kilomita 15 na farko ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafar tirela, wadda ta fi sauran zafi tana da magana. Wanda kuma ya sa wa motarsa manyan tayoyi bai canza giyar aksil ba, ya sani ya ƙara wa giyabos aiki a kowane hawa.

Mataki na uku: man giya da hanyar iska

Mota a fili mai daidai, inji a kunne, ta ɗumama, ka zagaya da giya P, R, N, D ka dawo, sannan ka zaro geji. Wasu motocin a N ake dubawa, littafin zai faɗa. Sabbi da yawa basu da geji sam, ta wani noti a gefe ake dubawa kuma sai man ya kai wani zafi takamaimai, wannan ka bar wa wanda ke da sikana. Mai ya yi ƙasa famfo zai riƙa jan iska, ya yi yawa kuma ƙarafan ciki su riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa bata ɗaukar zafi bata riƙe kuloci. Abin da ya same ni kenan.

Kar ka yarda a zuba maka wai duk man giya ɗaya ne. Dexron VI daban, Mercon LV daban, Mercon ULV daban, ATF+4 daban, WS na Toyota daban. Abin da aka rubuta wa motarka shi zaka sa. Kuma a littafin akwai jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na aiki mai tsanani, mai jan tirela yana cikin na biyun, ko da an ce maka man na har abada ne. Idan lokacin canji ya kusa, ka canja da filta kafin tafiyar, ka ɗan yi yawo da motar kwana biyu kaga babu yoyo.

Sai gaban mota. A yawancin motoci man giya yana bi ta wani bututu cikin tankin lagireto, ruwan inji ne ke sanyaya shi, to idan inji ya yi zafi giya ma ta yi. Ka haska tocila tsakanin kwandensar esi da lagireto, zaka sha mamakin ciyawa da ƙwari da taɓon da ke maƙale a wurin alhali daga waje tsaf kake gani. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi don kar haƙoran su lanƙwashe. A duba fanka, idan mai kuloci ce ya kamata kaji ta yi ruri kamar jirgi idan inji ya ɗau zafi, idan baka taɓa jin rurin nan ba a kan hawa akwai alamar ta mutu. Manyan fitilu da faranti da ake ɗaurawa a gaban bamba duk suna tare iska.

Batun ƙarin kula, wato ɗan ƙaramin lagireton man giya da ake ɗaurawa a gaba. Idan motarka bata zo da shi daga kamfani ba kuma kana jan kaya akai-akai, ka sa, kuɗin da ya cancanci kashewa ne. Mai faranti jere-jere ya fi mai lanƙwasasshen bututu aiki a girma ɗaya. A haɗa shi bayan na cikin lagireto, a kan layin da ke mayar da mai giyabos, man ya fara bi ta lagireto sannan kula sannan ya koma. Gane layin ba wuya, da safe mota da sanyi ka tada ta, wani ya taka birki ya sa D na ɗan lokaci, a kashe, ka taɓa bututun biyu, mai ɗumi shi ne mai fitowa, mai sanyi shi ne mai komawa. A yi amfani da tiyon da aka yi don man giya, a ɗaure shi nesa da duk abin da zai goge shi, sannan a ƙara mai don kular ta sha wani. Mai zama a ƙasar da ake ƙanƙara ya nemi mai tamostat don kar man ya ƙi ɗumama. Tiren ƙasa mai zurfi da wasu ke sawa yana ƙara yawan mai, zafin zai yi jinkirin hawa, amma a dogon hawa sai ya iso inda za shi.

Mataki na huɗu: hawan kansa

Nan ne aikin yake, duk abin da ka saya a sama idan ka tuƙa ba daidai ba a nan, a banza.

Tun kana barin gida ka danna maɓallin Tow/Haul idan akwai, kuma ka tuna a motoci da yawa duk kashe inji sai ka sake dannawa. Yana sa mota ta riƙe giya ta daɗe kafin ta canja, ta rage yawan canje-canje, ta taimaka da birkin inji a gangara. Tsohuwar mota mai maɓallin O/D OFF, wanda ke hana ta shiga giyar ƙarshe ta sama, ka danna shi. Abin da ke riƙe gudu da kansa kuma ka kashe shi da zarar ka hango dutse, don shi bai san komai ba sai lambar da ka ba shi, zai danne totur har ƙasa don ya riƙe ta.

Kafin hawan ya fara cizo, tun kana gindi kana da gudu, ka sauke giya da hannunka. Ka ja zuwa M ko S ko lambobin 4, 3, 2, duk yadda motarka take, ka zaɓi giyar da zata iya kai ka sama ba tare da ka danne totur ya wuce rabi zuwa kashi biyu cikin uku ba. Mutane suna tsoron ƙarar inji, suna ganin allurar juyin inji ta kai 3,500 a minti sai su ga kamar zai fashe, sai su bar shi a babbar giya yana nishi a 1,800. Wallahi nishin nan shi ke kashe giya. Injin fetur ya zauna a 3,500 zuwa 4,500 tsawon hawa ba komai ba ne matuƙar allurar bata shiga jan layi ba, na dizal a fikof kuma wajen 2,000 zuwa 2,800. Idan juyi ya ƙaru famfon ruwa yana gudu, fanka tana gudu, famfon man giya yana tura mai da yawa zuwa kula, kuma kwambata tana samun damar kullewa.

Yadda zaka gane ta kulle ko ta saki: kana tafiya a gudu ɗaya, ka ɗan ƙara totur kaɗan ka kalli allurar juyin inji. Idan ta yi tsalle da 200 ko 300 alhali maleji bai motsa ba, a sake take. Idan allurar biyu suka tashi tare a hankali kamar an ɗaure su da igiya, a kulle take. Da ka saba, da kunne ma zaka riƙa ji. Na taɓa kallon lambar tana tafiya 96, 101, 107, 112 cikin 'yan mintoci a giya ta biyar, na sauke zuwa ta uku, gudun ya ragu daga 75 zuwa 60, inji ya ɗaga murya, lambar ta tsaya a 113 kamar minti ɗaya sannan ta fara saukowa, muna kai saman tana 102, kuma hawan bai canja ba.

Idan kaji motar tana farautar giya, ta hau ta huɗu ta kasa ta dawo ta uku ta samu ƙarfi ta sake hawa, ka tsayar da wannan nan take. Kowane canji kwambata tana saki, faifan kuloci suna gogar juna ƙarƙashin nauyi. Ka kulle ta a ta ƙasan ka haƙura da gudun.

Rage gudu yana taimakawa fiye da yadda ake zato, don turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu, gudu ya ninka biyu turjiya ta ninka huɗu, kuma tirela mai faɗin gaba kamar bango take. Ka koma layin manyan motoci, ka kunna fitilar gargaɗi idan ka yi ƙasa sosai, wanda ke bayanka ya wuce. Amma akwai iyaka ta ƙasa. Tsofaffin giya masu canji huɗu da yawa basa kulle kwambata a ta ɗaya da ta biyu, kuma a gudun kilomita 20 iskar da ke shiga gaba ba ta taka kara ta karya ba. Idan hawan ya tilasta maka ta biyu, ka bar juyin inji a sama, don kwambata ta fi zamewa idan juyi ya yi ƙasa kuma nauyi ya yi yawa.

Lambar ta wuce 105, kashe esi, don kwandensa tana gaban lagireto tana hura masa iska mai zafi. Ta ci gaba, buɗe gilasai ka kunna hita a ƙure da fankarta. Ba daɗi, na sani, amma hita ƙaramin lagireto ce, tana jan zafi daga ruwan inji, ruwan kuma shi ke sanyaya man giya. Idan kana da zaɓin lokaci, ka bi manyan hawa da sassafe.

Wuraren da ba a zato

Mafi zafin da na taɓa gani ba a kan babban titi ba ne, wurin yin ribas da tirela ne zuwa kan ɗan tudu. Kwambata a sake gaba ɗaya, iska babu, kana taka birki kana taka totur, ka gyara ka sake gyarawa, minti biyar sun isa lambar ta tashi da digiri 20. Haka hanyar burji mai hawa da ake bi a hankali, haka cunkoso a kan tudu. Idan motarka tana da 4L, wato ƙaramar giyar fowil, a irin nan ake amfani da ita, tana ninka ƙarfin kusan sau biyu da rabi, kwambata ta huta. Sai dai a mota mai fowil na wucin gadi, wato wanda sai ka sa shi da kanka yake aiki, kar ka yi kwana mai tsanani da ita a kan busasshiyar kwalta. Kuma idan ka iso masauki bayan dogon hawa, ka ba ta minti biyar zuwa goma inji na aiki kafin ka fara ribas ɗin.

A cunkoso kan tudu kar ka riƙe mota da totur, ka taka birki. Tsayuwar zata yi tsawo, ka ja hambirki ka sa N ko P.

Idan zafin ya riga ya wuce

Fitilar zafin giya ta kama, ko lambar ta kai 120, ko motar ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi ja don kwamfutarta tana kare kanta. Ka nemi wuri mai faɗi da ake hango ka daga nesa, ba bayan kwana ba. Ka taka birki, ja hambirki, a sa waigi a tayoyin tirela, sannan ka sa P. Kar ka kashe inji. Da ka kashe, famfo ya tsaya, fanka ta tsaya, man da ke cikin kwambata ya zauna yana dahuwa a inda yake. Ka bar shi yana aiki, ka ɗan ɗaga juyi zuwa 1,200 ko 1,500, esi a kashe. Wasu tsofaffin fikof na Dodge basa zagaya mai da kyau a P sai a N, mai irinsu ya tabbatar da waigi kafin ya sa N. Ka jira lambar ta sauko ƙasa da 95, yawanci minti 10 zuwa 20.

Wuri biyu ne ake kashe inji nan take: idan mai yana zuba, musamman kusa da salansa ko kaga hayaƙi, da idan ruwan lagireto ya zube. Man giya yana kama wuta a kan salansa mai zafi, don haka abin kashe gobara ya zama a inda hannunka zai kai, ba ƙarƙashin kaya ba. Kar ka buɗe murfin lagireto da zafi, kar kuma ka watsa wa giyabos ruwan sanyi. Bayan ta huce ka duba geji, ka ƙara mai idan ya ragu, shi yasa nake tafiya da lita biyu da mazurari. Idan ka tashi kaji inji yana ƙara mota bata tafiya daidai da ƙarar, giya ta fara zamewa, ka cire tirelar ka nemi mai ja, kowane kilomita daga nan ƙarin ɓarna ne.

Gangara

A gangara giya tana hutawa, birki ne ke shan wuya. Tun kana saman kafin hancin mota ya kalli ƙasa ka rage gudu ka sa giyar da ka hau da ita ko wadda ke ƙasa da ita. Inji zai yi ƙara, barshi, shi ke riƙe maka nauyin. Mai dizal ya kunna birkin salansa idan akwai, amma ba a kan titi mai santsi ba. Taka birki kuma ba ɗora ƙafa ake yi a bari ba, ka zaɓi gudu, misali 50, idan ta kai ka taka da ƙarfi ta sauko 40 ko 42, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya birki ya sha iska, ta sake kaiwa ka sake. Idan kana yawan takawa, giyar ta yi sama, rage gudu ka ƙara saukewa. Sa mota a firi a gangara da tirela a baya kuwa, kar ma ya zo maka a rai.

Mai giyar hannu shi ba shi da kwambata, nasa sauƙi ne: ya canja da wuri, ya cire ƙafa daga kan kuloci gaba ɗaya, ya guji ta biyar da ta shida a kan hawa da lodi, kuma wurin tashi a tudu ya yi amfani da hambirki maimakon ƙona kuloci.

Bayan tafiya

Washegari ka ɗiga man a kan farar takarda kusa da ɗigon sabo daga galan. Ja mai haske ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Ruwan ƙasa mai duhu, a canja. Ka shinshina, sabon mai yana da ɗan ƙamshi-ƙamshi, wanda ya ƙone kuwa warinsa kamar na birkin da aka daɗe ana takawa, kana ji sau ɗaya ba zaka manta ba. Idan ka gan shi ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an zuba madara, bututun cikin lagireto ya fashe ruwa ya shiga giya, kar ka sake tada motar sai an gyara. Wasu sabbin mayukan dama ba ja ba ne tun daga galan, shi yasa gwadawa da sabo ya fi dogaro da launi kawai. Duk tafiyar da lambar ta zauna sama da 120 na ɗan lokaci, ni ina canja mai da filta ko da launin bai nuna ba, kuma ina tsayawa a kan bakanike idan ya sauke tiren in ga maganaɗisun da ke ciki da idona. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsa ba komai, cinyewar yau da kullum ce. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da zaka ji a tsakanin yatsu, ko baƙaƙen ɓawo-ɓawo a ƙasan tiren, wannan ƙarafan ciki ne ko faifan kuloci suka fara zuba, a buɗe giyar a duba kafin ka sake ɗaura mata tirela.